Kundin Aikin Rijiyar Burtsatse: Yoyon Bututun Wanki da Yadda Muka Gano Tushensa

3 ga Fabrairu

Yau muka kafa injin haƙa, muka daidaita shi a kan jak huɗu har ma'aunin lebur ya nuna hasumiyar ta miƙe sosai. Abin da aka tsara shi ne rami mai faɗin milimita 216 da zurfin mita 90, wanda za a zura wa kesin na roba, wato bututun da ke tare bangon rijiya, mai faɗin milimita 125. Da ruwan laka za mu haƙa, domin binciken ƙasa da aka yi kafin zuwanmu ya nuna yashi da yumɓu ne kwance a kan juna, babu dutse a wannan zurfin. Sandunan haƙa mita 3 ne tsawon kowace, kaurinta milimita 73, famfon laka kuwa mai fistin ne, yana tura kusan lita 700 a minti ɗaya.

Kowace mita ta ramin tana cin kusan lita 37, idan aka cire gurbin sanda saura kusan lita 32, saboda haka lakar za ta riƙa hawowa da saurin kusan mita 22 a minti, wanda ya isa ya ɗauko yashi matuƙar kaurinta bai ragu ba. Mun fara zuba tokar soda a ruwan har takardar gwaji ta nuna pH 9, sannan muka dama bentonait, wato garin yumɓun da ke ba laka kauri, muka bar shi ya kumbura. A mazurarin Marsh, wanda ake auna kaurin laka da shi, lakar ta ɗauki daƙiƙa 38 kafin ta tsiyaye, alhali tsabar ruwa daƙiƙa 26 yake ɗauka.

Kafin a ɗaga majuyi sama, wato kan injin da ke juya sandunan haƙa, na duba bututun wanki. Ɗan gajeren bututun ƙarfe ne mai fuskar kurom, tsawonsa bai wuce taƙi guda ba, yana zaune tsakanin lanƙwasasshen bututun da tiyo ke shiga, wanda ba ya motsi, da sandar majuyi wadda ke juyawa tare da sandunan haƙa. Shi bututun a tsaye yake, akwatin da ke ɗauke da zobban roba ne ke kewaya shi, leɓunan zobban suna gugar fuskarsa. Duk lakar da za ta sauka rami sai ta bi ta cikinsa. Daga waje ban ga wani aibu ba, muka ɗura masa giris muka tashi.

4 ga Fabrairu

Mun saka gajeren kesin na ƙarfe a mita 3 na farko don kada bakin ramin ya zabtare, sannan muka haƙa zuwa mita 18 cikin jan yumɓu. Gejin matsin laka ya tsaya a bar 4 (bar shi ne ma'aunin matsi), majuyi a bushe.

5 ga Fabrairu

A mita 24 muka shiga lallausan yashi, haƙa ta yi sauri ƙwarai. Da la'asar mai kula da famfo ya nuna mini laka tana ɗiga daga saman akwatin zobba, ɗigo ɗaya bayan ɗaya. Muka kashe famfo, muka buɗe bawul ɗin da ke mayar da laka rami har geji ya sauka ƙasa, sannan muka ɗura giris majuyi yana juyawa a hankali. Dalilin kashe famfon shi ne, idan akwai matsi a ciki giris ba ya samun hanyar shiga tsakanin zobba, sai ya tsaya a bakin ƙofa. Ɗigon ya ɗauke na kusan awa guda, daga baya ya dawo. Mun tashi a mita 31.

6 ga Fabrairu

A mita 37 ɗigon jiya ya koma feshi. Lakar tana fita siririya da ƙarfi, tana wanke hasumiya, tana kwarara a kan murfin boris na majuyi, geji kuma ya sauka daga bar 6 zuwa bar 5. Na hana kowa kai hannu wurin, domin laka mai yashi da ke fita ta ƙaramar kafa cikin matsi tana iya yanka fata.

Ba mu kashe famfo nan take ba. Akwai yashi cike da lakar da ke tsakanin sanduna da bangon rami, kuma da zarar zagayawa ta tsaya zai kwanta a kan bakin haƙa, wato ƙarfen da ke cin ƙasa a ƙarshen sanduna, ya riƙe shi. Saboda haka muka daina saukar da sanda, muka ci gaba da zagaya laka har abin da ke fitowa ya yi sauƙi, sannan muka janye sanduna uku domin bakin haƙa ya ɗaga mita 9 daga ƙasa. Muka cika ramin da laka har baki, na ajiye mutum ɗaya aikinsa kawai ya riƙa ƙarawa idan ta sauka. Nauyin lakar nan ne ke tokare bangon yashi, kowace mita 10 tana ba da matsi na kusan bar 1, idan aka bari ta sauka bangon zai rufta.

Notocin akwatin a wannan injin zarensu na hagu ne, don kada juyawar majuyi ta kwance su. Da muka fito da akwatin muka jera zobban bisa tsarin da suka zauna. Na farko, wanda ke fuskantar matsi, leɓensa ya cinye ƙarƙaf, na biyu ya yage, sauran sun yi laushi, giris ɗin da ke tsakaninsu kuwa ya zama tokatoka, idan ka murza shi a yatsa kana jin yashi. Haka irin waɗannan zobba suke aiki: na farko ne ke ɗaukar nauyin matsi, sai ya gaza sannan na bayansa ya karɓa, don haka lokacin da aka ga ɗigo a waje, duka sun riga sun gaji.

Mun wanke bututun da man dizal. Akwai zane a fuskarsa, amma ba mu da wani a ajiye, ramin kuma a buɗe yake cikin yashi. Muka saka saitin zobba na ajiya, leɓunansu suna kallon inda matsi ke fitowa, muka cika tsakaninsu da giris da hannu, muka ɗaure. Kafin magariba mun koma ƙasa, mun kai mita 40.

7 ga Fabrairu

Yashi da siraran shimfiɗun yumɓu. Mun kai mita 52, muna ɗura giris duk bayan awa huɗu.

8 ga Fabrairu

Sabbin zobban sun gaza kafin azahar, a mita 57. Mataimakina ya ɗauko guduma da niyyar ƙara ɗaure notin ƙasa, na dakatar da shi. Wannan al'ada ta yaɗu a tsakanin masu haƙa, kuma ba na goyon bayanta ko kaɗan. Tsakanin zobban akwai mararraban ƙarfe da ke haɗuwa ƙarfe da ƙarfe, idan sun haɗu ɗauri ya ƙare, matsin lakar ne da kansa ke danna leɓen roba a jikin bututu. Duk dukan da aka ƙara bayan haka zare yake ɓatawa, ba ya tsayar da yoyo.

Ruwa ba ya tsami banza. Zobban da ya kamata su ƙare wannan rijiyar su shiga wata ba za su mutu cikin kwana biyu don kansu ba, saboda haka na yanke shawarar ba za a saka wani saiti ba sai mun san abin da ke cin su. Abu huɗu ne na sani suna kashe zobban bututun wanki: yashi a cikin laka, fuskar bututu da ta lalace, rashin daidaito tsakanin ɓangaren da ke tsaye da wanda ke juyawa, da ƙarancin giris. Na giris na cire shi, tun da littafin nan ya nuna lokutan da aka ɗura.

Na fara da yashi saboda shi ya fi sauƙin awo. Na ɗebi laka daga bakin tiyon zuƙa, wato daidai abin da famfo ke sha, na zuba a kwalbar gwaji, na tace a rariya mai lamba 200, wadda ke riƙe duk abin da ya wuce kusan maikiron 75, na wanke abin da ya rage cikin kwalbar na bar shi ya kwanta. Ya nuna kashi 6 cikin 100. Ƙa'idar da masu haƙa rijiyar ruwa ke bi ita ce kada ya wuce kashi 2. Laka mai irin wannan yashi tana yi wa roba da kurom abin da sanfefa ke yi wa katako, kuma ba bututun wanki kaɗai take ci ba, har da laina da fistin da bawul na famfo.

Da na zura sanda a ramin kwantar da yashi, sai na tarar ya cika saura kaɗan, lakar tana ratsa samansa kai tsaye zuwa ramin zuƙa ba tare da ta huta ba. Tun da gyaran zai ɗauki lokaci, muka fitar da sanduna duka, muka ƙara wa lakar kauri zuwa daƙiƙa 45, muka bar ramin cike.

10 ga Fabrairu

Yini guda a kan ramukan laka. Ramin rijiyar idan ya kai mita 90 zai ci kusan lita 3,300, ramukan laka kuma ana so su kai ninki uku na wannan, wato kusan lita 10,000. Namu ba su kai rabin haka ba, domin wurin da mai rijiyar ya ba mu ƙarami ne. Na nuna masa yashin da ke kwalbar gwaji da zobban da suka yage, ya amince muka ƙara fili. Mun kwashe ramin farko, mun faɗaɗa shi, mun tona na uku, mun karkata magudanar ta yi lanƙwasa biyu don lakar ta rage gudu, mun kuma sa allon katako a tsakiyar ramin kwantarwa. Bakin tiyon zuƙa da ke kwance a ƙasan rami mun rataye shi ya ɗaga sama da taƙi biyu. Rabin tsohuwar lakar muka zubar, muka dama sabuwa.

11 ga Fabrairu

Na zauna da bututun wanki da zobban da muka cire, na wanke su tas na duba cikin hasken rana. A inda leɓunan zobba ke guga akwai kwarmi guda uku da suka kewaye bututun, farce yana maƙalewa a cikinsu, kurom ɗin kuma ya ɗaye a wuri biyu har tsatsa ta fara kamawa. Bututun da farce ke kamawa a fuskarsa ya gama aiki, kowane sabon zobe aka ɗora masa zai yanka shi.

Sai dai kwarmin bai yi zurfi ɗaya ba. A gefen da ke wajen tiyo ya fi zurfi sosai, a ɗaya gefen da ƙyar ake jinsa, su zobban kuwa cinyewarsu daidai take ta kowane gefe. Wannan bambanci yana da ma'ana. Tun da bututun a tsaye yake, zobba ke juyawa, idan bututun ne ya kauce daga tsakiya, gefensa ɗaya ne kullum zai sha guga, zoben kuma kowane sashe nasa zai bi ta wurin, ya cinye daidai. Da a ce sandar majuyi ce ke lilo, da zobban ne za su cinye ta gefe ɗaya, bututun ya cinye daidai. Abin da ke hannuna yana nuni ne ga ɓangaren da ke tsaye. Wani abin kuma, faɗin kowane kwarmi ya ninka faɗin leɓen zobe, alamar cewa akwatin yana hawa da sauka yayin juyawa, wanda ke sa ni zargin boris.

Na yi odar sabon bututu da saitin zobba biyu da siraran zobban roba na saman akwati da ƙasansa. Wani makaniki ya ba da shawarar a sassaƙe tsohon a injin sassaƙar ƙarfe a goge shi, kuɗin bai kai rabin na sabo ba. Ban karɓa ba, domin sassaƙa za ta cire sauran kurom ɗin ta bar ƙarfe mai taushi, kaurin bututun kuma zai ragu har leɓen zobe ya kasa kama shi.

12 zuwa 14 ga Fabrairu

Jiran kaya. Safe da yamma ana cika ramin da laka, yana shan kaɗan. Mun buɗe famfo, mun sauya robobin fistin da kujerun bawul biyu da yashi ya zaizaye.

15 ga Fabrairu

Mun sauke majuyi, mun kafa agogon awo mai maganaɗisu a jikinsa, allurarsa a kan bakin sandar majuyi, muka juya da hannu. Lilon gefe kaɗan ne, yana cikin iyakar da takardar injin ta gindaya, wanda ya yi daidai da abin da zobban suka nuna. Da muka mayar da allurar kan fuskar sandar muka ɗaga ta da ƙarfe daga ƙasa, sai ta motsa kusan rabin milimita. Wannan ya yi yawa ga boris da ya kamata ya zauna kusan babu wasa. Man da ke cikin gidan boris kuma ya fito fari-fari, wato lakar da ta riƙa kwarara a kan murfin ranar 6 ga wata ta samu hanya ta sil ɗin sama.

Sannan muka koma kan lanƙwasasshen bututu. Na dasa agogon a kan sandar majuyi, allurar tana kewaya cikin bakin bututun na sama, na ɗauki awo sau biyu, ɗaya da tiyo a kwance, ɗaya da tiyo a ɗaure cike da laka yana rataye kamar yadda yake lokacin aiki. Ba tare da tiyo ba kaucewar ba ta taka kara ta karya ba. Da tiyo ya hau, allurar ta tafi milimita 0.6 zuwa gefensa. Dalilin a bayyane yake: mariƙin da ke ɗauke nauyin tiyo a jikin majuyi ya tsage a wurin walda, don haka nauyin tiyo da lakar cikinsa duka a wuyan bututun suke, biyu daga cikin kusoshin da ke ɗaure shi kuma sun saki. Da a ce tiyo a kwance kaɗai muka auna, da mun ce komai lafiya, mu mayar da sabon bututu ya bi sahun tsohon.

Ke nan abu uku ne suka haɗu a kan ɗan bututun nan: yashi, jan tiyo, da wasan boris. Kowane ɗaya a cikinsu ya isa ya rage kwanan zobba, amma haɗuwarsu ce ta sa saiti ya mutu cikin kwana biyu.

17 ga Fabrairu

An yi wa mariƙin tiyo walda, an ƙara masa ƙarfen tokara. Mun wanke gidan boris, boris ɗin kansa bai yi ƙuraje ba, don haka muka rage siraran washa na daidaitawa har wasan ya koma cikin iyaka, muka sa sabon sil da sabon mai. Kusoshin lanƙwasasshen bututu mun ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan sannan na daura da shi, agogon awo yana kai, tiyo a rataye, har kaucewar ta sauka ƙasa da milimita 0.1.

18 ga Fabrairu

Kaya sun iso. Mun harhaɗa akwatin a kan tebur mai tsabta, ba a ƙasa ba, muka shafa wa sabon bututu giris kafin mu zura shi a hankali don kada bakinsa ya naɗe leɓen zobe.

Kafin komawa rami muka yi gwaji a sama. Muka toshe ƙarshen sandar majuyi da murfi, muka tayar da famfo da tsabar ruwa, muka riƙa rage bawul ɗin komawa rami a hankali har geji ya kai bar 10. Famfo mai fistin ba a toshe masa hanya gaba ɗaya, kuma sai da na tabbatar bawul ɗin kariya yana buɗewa kafin mu fara. Ruwa ya tsattsafo, amma ba ta jikin bututu ba, ta ƙarƙashin notin ƙasa ne, majuyi ma bai fara juyawa ba. Yoyon da ke fitowa daga mahaɗar noti alhali babu juyi, laifin siririn zoben roba ne da ke zaune a gurbinsa, ba na zobban guga ba. Da muka kwance, mun tarar ya zame daga gurbi noti ya datse shi. Muka sauya, muka manne shi da giris don ya zauna, muka sake gwadawa a tsaye da kuma cikin juyi na rabin awa. Ko ɗigo babu, akwatin kuma ɗumi kawai ya yi, hannu yana iya zama a kansa.

19 ga Fabrairu

Mun koma rami. Bakin haƙa ya tsaya a mita 49, wato mita 8 na yashi sun kwanta lokacin jira. Mun wanke su a hankali muna zagaya laka sosai bayan kowace sanda. Yashi a bakin zuƙa kashi 1.5 cikin 100. Mun tashi a mita 58.

20 ga Fabrairu

Da safe geji ya yi tsalle daga bar 7 zuwa bar 11 cikin ƙiftawar ido, lakar da ke dawowa ta ragu. Hawan matsi farat ɗaya toshewa ce, ko dai yumɓu ya dunƙule a bakin haƙa ko wani abu ya shiga kafarsa. Mun ɗaga mun juya da sauri bai sauka ba, dole muka fitar da sanduna. Guntun baƙar roba mai faɗin babban yatsa ne ya toshe ɗaya daga cikin kafofin. Ba na zobba ba ne, fatar cikin tiyo ce da ta ɗaye a inda ya daɗe yana lanƙwashe saboda karyewar mariƙi. Mun yanke wannan sashe na tiyon, mun sake ɗaure kansa, mun sa 'yar rariyar ƙarfe a saman sanda ta farko.

22 ga Fabrairu

A mita 64 muka shiga yashi mai gwaɓi da ƙananan tsakuwa, wanda shi ne muke nema. A mita 66 matsi ya fara sauka a hankali, daga bar 7 zuwa bar 5 cikin kusan awa guda. Kowa ya ɗaga kai yana kallon majuyi, amma a bushe yake. Yana da kyau a rubuta wannan, domin bayan wahalar makonni biyu hankali yana saurin ɗora wa bututun wanki kowane laifi.

Na bi abin daki-daki. Ramukan laka ba su ragu ba, don haka ƙasa ba ta shanye lakar ba. Kaurinta yana nan a daƙiƙa 40. Rariyar zuƙa a buɗe take, babu kumfar iska a tiyo, da muka maimaita gwajin ranar 18 ga wata famfo ya riƙe bar 10 lafiya. Saura sandunan da ke cikin rami. Muka yayyanka zare mai launi ƙanana, muka zuba cikin sanda lokacin haɗi, na kama agogo. Cikin sanda yana cin kusan lita 2 a mita, wajenta lita 32, don haka zuwa mita 66 da dawowa ya kamata ya ɗauki minti 3 da 'yan daƙiƙu. Zaren farko ya ɓullo cikin minti ɗaya da rabi, sauran suka biyo daga baya a kan lokaci. Lissafi ya nuna akwai kafa a wajen mita 30 da wani sashe na lakar ke bi ya dawo ba tare da ya kai ƙasa ba.

Ba a ci gaba da haƙa da irin wannan, domin kafar tana ƙara faɗi har sanda ta tsinke a bar rabi a rami. Muka fitar muna duba kowace mahaɗa. A ta goma muka same ta: laka ta zaizaye kafaɗar mahaɗar ta yi hanya mai sheƙi ta ratsa zare. Wannan ma aikin yashin makon farko ne. Mun ware sandunan biyu, mun duba sauran, mun shafa man zare, mun koma.

24 da 25 ga Fabrairu

Yashi mai gwaɓi har mita 84, daga nan yumɓu mai ruwan toka. Mun tsaya a mita 90. Yashin laka bai wuce kashi 2 ba, ana kwashe ramin kwantarwa sau biyu a yini.

27 ga Fabrairu

Ranar saka kesin, kuma a nan ma wani bututun wanki ne ya ba mu aiki, na cikin kesin. Tun da ramin ya nuna yana tara yashi a ƙasa, mun ɗaura wa ƙarshen kesin takalmi mai kafa da bawul mai hana komawa, muka zura siririn bututun ƙarfe ta cikin kesin da matata, wato sashen kesin mai tsagogi da ruwa ke shiga ta cikinsu, har ya ɗaure a takalmin, muka rufe saman kesin a kewayensa. Manufar ita ce idan kesin ya tsaya a kan yashi, a tura ruwa ta siririn bututun ya fita ta ƙasa ya wanke hanya. Tsarin jerin shi ne mita 3 na kesin rufaffe a ƙasa, matata daga mita 66 zuwa 84, sauran kesin har sama, da matsakaita a jiki don ya zauna a tsakiyar rami.

Kesin ya tsaya saura mita 2. Muka tayar da famfo, geji bai kai bar 2 ba, ruwa yana dawowa ta wajen kesin amma babu yashi a cikinsa, kesin kuma bai motsa ba. Ruwan da ke fita ta takalmi dole ya taso da yashi. Tun da bai taso da shi ba, yana zurarewa ne cikin kesin ya fita ta tsagogin matata, ya bi hanya mafi sauƙi. Ko dai wata mahaɗa ta saki ko zaren takalmin bai zauna ba. Zaren takalmin na hagu ne, an yi shi haka ne don a ƙarshen aiki a juya dama ya kwance ba tare da mahaɗun sama sun saki ba, kuma hakan na nufin duk juyin dama da aka yi lokacin ƙara bututu a sama yana sassauta shi. Na juya hagu a hankali da hannu, ina ƙirga, ya ci zagaye biyu ya tsaya. Da muka sake tayar da famfo geji ya hau bar 5, ruwan ya dawo da yashi, kesin ya riƙa nutsewa da nauyinsa har ya zauna.

Wajen fitar da bututun, ya kwance daga takalmi amma ya ƙi tasowa. Lallausan yashi ne ya shiga ta matata ya kwanta a kewayensa cikin kesin na ƙasa. Ban bari a ja shi da ƙarfin inji ba, domin zai iya ɗago kesin ko ya fasa matata. Muka zura ƙaramin tiyo a gefensa har ƙasa, muka tura tsabar ruwa, mutum biyu suna ɗaga shi suna saki kaɗan-kaɗan. Bayan kusan minti 40 ya saki.

28 ga Fabrairu

Mun tsinka lakar zuwa kusan daƙiƙa 30 sannan muka fara zuba wankakkiyar tsakuwa. Tsakanin kesin da bango akwai milimita 45 kawai, kowace mita tana cin kusan lita 24, don haka a hankali ake zubawa ana aunawa da igiya mai nauyi don kada ta yi gada. Tsakuwar ta kai mita 50, abin da ya shiga kuma ya ɗan haura lissafi, alamar bango ya zaizaye a wasu wurare.

2 ga Maris

Mun buɗe akwatin zobba don dubawa duk da babu yoyo. Zobe na farko ya ɗan yi sheƙi a leɓe, sauran kamar sabbi, giris tsakaninsu bai canza launi ba, fuskar bututun kuma babu inda farce ke kamawa. Mun mayar da su yadda suke. Na sake auna kaucewa da tiyo a rataye, tana nan inda muka bar ta.

Abin da matsalar ta ci a kayan gyara: bututun wanki ɗaya, saitin zobba biyu da suka lalace da ɗaya da ke kai yanzu, sil da man boris, robobin fistin, kujerun bawul biyu, sandunan haƙa biyu da za a kai a sake musu mahaɗa, da buhunan bentonait da suka tafi da lakar da aka zubar. Kuɗin waɗannan duka bai kai na albashin ma'aikata da hayar tankin ruwa na kwanakin da injin ya tsaya ba. Daga yanzu bututun wanki na ajiya da saitin zobba biyu za su zauna a akwatin injin, awon yashi kuma ya shiga aikin kowace safiya da kowace azahar tare da mazurarin Marsh.

Gobe za mu kawo kwamfuresa mu fara wanke rijiyar da iska, daga saman matata zuwa ƙasa, har ruwan ya daina fitowa da yashi. Bayan haka za a auna inda tsakuwar ta sauka a ƙara, a ɗora bentonait a kanta, a cike, a zuba siminti a mitocin sama, sannan a yi gwajin famfo a matakai huɗu kafin gwaji mai tsawo na awa 24.